Tarihin Bindigar Lee-Enfield da Masu Ɗura Mata Harsashi da Hannu

A shekarar 1957 rundunar sojan Birtaniya ta fara ajiye bindigar da ta riƙe fiye da shekara sittin, ta rungumi sabuwa mai ɗana kanta da ake kira L1A1. Wadda aka ajiye ita ce Lee-Enfield, bindiga mai sakata, wadda sai an ja sakatar baya da hannu an mayar kafin kowane harbi. An ƙiyasta cewa an ƙera kimanin miliyan 17 a ƙasashe daban-daban. Ƙarfe da katako irin nata ba su lalacewa da wuri idan suna samun mai da tsumma. Harsashi kuwa yana tsufa, yana kuma ƙarewa. Abin da ya hana miliyoyin waɗannan bindigogi zama kayan ado a jikin bango shi ne aikin wasu mutane masu haƙuri, maharba da manoma da 'yan gasar harbi a Amurka da Kanada da Ostareliya da Ingila, waɗanda suka koyi tsince kwanson da aka harba su sake ɗura shi da hannunsu. Tarihinsu ya cancanci a ba da shi, domin sun ɗauki kayan da aka yi don a harba sau ɗaya a yar, suka mayar da shi sana'ar awo da natsuwa.

Asalin bindigar da harsashinta

Sunan bindigar ya haɗa mutum da gari. Mutumin shi ne James Paris Lee, wanda aka haifa a Sikotilan a 1831, ya tashi a Kanada, ya yi aikinsa a Amurka. Shi ya ƙirƙiro gidan harsashi mai cirewa da ke zama a ƙarƙashin sakata, ya yi rajistar fasahar a 1879. Garin kuwa Enfield ne, arewa da Landan, inda masana'antar makamai ta gwamnati take. A ƙarshen 1888 Birtaniya ta karɓi sakatar Lee, ta haɗa ta da bututun da William Metford ya tsara, aka sami Lee-Metford. Tare da ita aka haifi harsashin .303, lambar da ke nuna faɗin ramin bututun a ma'aunin inci, wato milimita 7.7.

Harsashin farko baƙin albarushi aka danƙara masa, mai hayaƙi da toka. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka fito da kodayit, albarushi marar hayaƙi, aka fara zuba shi a .303 a 1891. Wanda ya taɓa fasa tsohon harsashin sojan Birtaniya zai ga kodayit ba gari ba ne. Siraran sanduna ne masu ruwan ƙasa, a tsaitsaye cikin kwanso kamar ɗanyar taliya. A masana'anta ma sai an jera su ciki kafin a matse wuyan kwanson. Kodayit yana ci da zafi ƙwarai, ya riƙa cinye tsagin Metford marar zurfi da ke murɗe a cikin bututu. Saboda haka a 1895 aka sauya zuwa tsagi biyar masu zurfi na Enfield, sunan ya koma Lee-Enfield.

Ƙwayar da ke kan harsashin ita ma ta sha sauyi. Ta farko mai dunƙulen baki ce, nauyinta kusan giram 14. A masana'antar Dum Dum kusa da Kalkata aka yi wata mai buɗaɗɗen baki da ke bajewa cikin jiki, wadda yarjejeniyar Heg ta 1899 ta haramta a yaƙi. A 1910 aka zo da samfuri na bakwai, Mak 7, mai tsinin baki, nauyinsa giram 11.3, yana fita daga bututu da gudun kusan mita 744 a daƙiƙa. Shi ne ya yi yaƙin duniya guda biyu. Ita ma bindigar an gajarta ta a 1904, aka inganta a 1907, ta zama wadda ake kira SMLE, mai cin harsashi goma. An horar da sojan Birtaniya ya iya sakin harbi goma sha biyar masu saiti a minti ɗaya, abin da Jamusawa suka ɗanɗana a fafatawar Mons a 1914. A 1941 samfurin Lamba 4 ya shiga hannun soja. An ƙera shi a Fazakerley da Maltby da Shirley a Ingila, da Long Branch a Kanada, da kamfanin Savage a Amurka, yayin da Lithgow a Ostareliya da Ishapore a Indiya suka ci gaba da tsohon samfurin.

Wannan bindiga ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce kakanninmu suka saɓa a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kai dazuzzukan Bama daga 1943 zuwa 1945, da yawansu 'yan Arewa. Bayan samun 'yancin kai ta daɗe a hannun 'yan sandan Nijeriya, kuma har yau tsofaffin ma'aikata suna tuna ta da sunan Mak 4.

Ragowar yaƙi a kasuwa

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, rumbunan gwamnatoci suka cika da bindigogin da babu mai buƙata. 'Yan kasuwa suka shigo. Fitacce a cikinsu Samuel Cummings ne, Ba'amurke mai kamfanin Interarms da ke Alexandria a jihar Bajiniya, wanda ya sayi dubban ɗaruruwan Lee-Enfield daga Birtaniya a ƙarshen shekarun 1950. A lokacin ana tallarsu a mujallu a ƙasa da dala 20, mutum ya aika kuɗi ta gidan waya a kawo masa har gida. A Kanada ta zama bindigar talaka ta farautar barewa da manyan namun dawa. A Ostareliya da Niwzilan manoma suka riƙe ta don aladun daji da dabbobin da ke musu ɓarna. A Bamingham kamfanin Parker-Hale ya riƙa rage mata katako yana mayar da ita ta farauta.

Wannan ciniki na gidan waya ya gamu da cikas bayan an kashe Shugaba Kennedy a 1963 da wata tsohuwar bindigar sojan Italiya da aka saya ta wannan hanya. Dokar 1968 ta hana shigo da ragowar bindigogin soja Amurka, sai a 1984 aka sassauta ga waɗanda ake ɗauka kayan tarihi. Amma kafin nan miliyoyi sun riga sun shiga gidaje, kuma kowace tana neman abin da za ta ci.

Da farko harsashin soja yana da araha, ana sayar da shi akwati-akwati. Sai dai yana da aibu uku. Ƙwayarsa rufaffiya ce da ƙarfe, ba ta dace da farauta ba, domin tana iya ratsa dabba ta wuce ta bar ta da wahala, dalilin da ya sa wurare da yawa suka hana farauta da ita. Yana kuma sa tsatsa. Sannan idan ya tsufa yakan yi jinkirin tashi: a ja kunama a ji ƙas, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Harsashin farauta na kamfani kuwa yana da tsada ga wanda ya sayi bindigarsa da 'yan daloli. Daga nan mutane suka waiwayi wata tsohuwar sana'a.

Inda sana'ar ta samo tushe

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushi, ƙwaya, da ɗan ƙaramin ƙyastu a gindi wanda allurar bindiga ke buga ya ba da wuta. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma shi ya fi tsada. A shekarun 1870 maharban ɓauna a filayen yammacin Amurka sukan zauna da dare a gefen wuta suna narka dalma, suna wanke kwanso, suna sake ɗurawa, saboda kanti yana da nisan kwanaki. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, yana ƙera ɗan awartaki da ke yin dukan aikin a tafin hannu, yana kuma buga ɗan littafin jagora. Kamfanin Lyman ya gaji wannan aiki a 1925, kuma littafinsa na ma'auni bai daina fitowa ba har yau.

Yaƙin duniya na biyu ne ya faɗaɗa sana'ar, domin a lokacin duk tagulla da albarushi na soja ne, farar hula bai samun harsashi. Vernon Speer ya riƙa tara kwanson ƙananan harsasai na .22 yana mayar da su rigar ƙwaya. Fred Huntington ya kafa RCBS a Oroville ta Kalifoniya a 1943 yana ƙera kayan matse ƙwaya. A 1947 Bruce Hodgdon na jihar Kansas ya ci bashi ya sayi kusan tan 23 na ragowar albarushin soja, ya riƙa sayarwa a ƙananan ƙunshi. Daga baya har albarushin da aka zazzage daga harsasan .303 ƙirar Amurka ya sayar. Joyce Hornady ya buɗe masana'antar ƙwaya a Nebraska a 1949. Ragowar yaƙi ta ba mutane bindiga, ta kuma ba su abin ɗura ta.

Wanda ya kai sana'ar ɗakin talaka shi ne Richard Lee na Wisconsin, wanda ba shi da dangantaka da James Paris Lee. A 1958 ya fito da wani ɗan kwali mai ƙarafa kaɗan a ciki, na harsashin bindigar tsuntsu, daga baya ya yi na manyan bindigogi har da .303. Ba ya buƙatar teburi na musamman. Mutum ya sami guduma ta roba ko ta katako, ya buga tsohon ƙyastu ya fita, ya buga kwanso cikin ƙarfen da ke matse wuya, ya dasa sabon ƙyastu, ya ɗebi albarushi da ɗan cokalin awo bisa takardar da ke cikin kwalin, ya zaunar da ƙwaya. Aiki ne mai cin lokaci, harsashi ɗaya bayan ɗaya. Amma dubban mutane da shi suka fara, kuma ba tare da an shirya ba ya dace da Lee-Enfield fiye da kayan aiki masu tsada, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Matsalar ƙyastu

Cikas na farko da masu ɗuri suka tarar yana gindin kwanso. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar ƙyastu iri biyu. Kanar Edward Boxer na ma'ajiyar makamai ta Woolwich a Ingila ya yi wanda ke da rami ɗaya a tsakiyar kwanso. Hiram Berdan, Ba'amurke, ya yi wanda maƙerarsa, wato ɗan tudun da allura ke danne ƙyastun a kansa, ke manne da kwanso, da ƙananan ramuka a gefe. Amurka ta ɗauki na Baturen Ingila, Ingila da sauran Turai suka ɗauki na Ba'amurke. Ga soja duk ɗaya ne. Ga mai ɗuri bambancin babba ne, domin na Boxer ana zura siririn ƙarfe ta bakin kwanso a turo shi waje cikin daƙiƙa, na Berdan kuwa sai an ɓanɓare shi da ƙugiya, ko a cika kwanson da ruwa a buga sanda ta wuya ƙarfin ruwan ya fitar da shi, mutum ya jiƙe sharkaf. Ga shi kuma girman na Birtaniya daban ne, samun sabo wahala.

Tsohon ƙyastun soja yana da wata illar. Sinadarin da ke cikinsa yana barin gishiri a bututu, gishirin ya jawo laima, kafin kwana biyu tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. Shi ya sa a da, a barikin Birtaniya, bayan an dawo daga filin harbi, ake kafa mazurari mai lanƙwasasshen wuya a bayan bututu, a kwarara tafasasshen ruwa har ƙarfen ya ɗauki zafi ya bushe da kansa, sannan a ja tsumma da igiya a shafa mai. Farar hula da yawa ba su san wannan ba, kuma bututu masu yawa a hannunsu suka lalace, ba a fagen fama ba. Akwai kuma zaiba a cikin wasu tsofaffin ƙyastu, wadda ke sa tagulla ta yi gautsi. Don haka masu ɗuri suka koyi karanta tambarin da ke gindin kwanso. Na Amurka da wasu na Kanada irin na Boxer ne. Na Girka mai tambarin HXP ya yi suna, har mutane kan saye shi saboda kwansonsa.

Ɗaki mai faɗi, kwanso mai tsinkewa

Cikas na biyu shi ya fi koya wa mutane darasi. Waɗanda suka tsara Lee-Enfield sojan da ke cikin taɓo suke tunani. Suna so harsashi ya shiga ko da ya kwashi laka ko yashi, ko an ƙera shi cikin gaggawa a wata nahiya. Saboda haka suka yi ɗakin da harsashi ke zama da yalwa, kafaɗarsa ta yi gaba fiye da ta kwanso. Abin da ke tsayar da harsashin .303 a wurinsa shi ne leɓen da ke gindinsa, ba kafaɗa ba. Tazarar da soja ya yarda da ita tsakanin fuskar sakata da mazaunin leɓen tana daga inci 0.064 zuwa 0.074. Bugu da ƙari, haƙoran da ke kulle sakatar Lee a baya suke, ba a gaba ba kamar na Mauser ta Jamus. Wannan ne sirrin saurinta, amma yana sa sakatar ta ɗan ba da baya lokacin harbi.

Sakamakon haka, idan an harba, kwanso yana kumbura ya cika ɗakin, kafaɗarsa ta matsa gaba, jikinsa ya miƙe. Tagullar da ta miƙe daga wuri ɗaya take fitowa, ɗan sama da gindi. Idan mai ɗuri ya matse kwanson gaba ɗaya ya mayar da shi girmansa na asali, harbi na gaba zai sake miƙar da shi, wurin ya ƙara sirancewa. Bayan ɗuri kaɗan sai a ja sakata a ga gindi kaɗai ya fito, sauran ya maƙale a ciki, wani lokaci da iska mai zafi ta bugi fuska. Mutane da yawa sun zargi bindigar, suka ce ta lalace. Ba ta lalace ba. An yi ta ne don kwanson da ba za a sake waiwaya ba.

Maganin da aka gano a hankali shi ne a bar kwanso da siffar da ɗakin ya ba shi, a matse wuya kawai don ya riƙe ƙwaya. Daga nan kafaɗa ce ke tsayar da shi, miƙewar ta ragu, kwanson ya daɗe. Wannan shi ne abin da ɗan kwalin Richard Lee yake yi tun asali. Amma yana da sharaɗi: kwanson da aka harba a bindiga ɗaya nata ne har abada, domin ɗakin wata daban yake. Mai Lee-Enfield uku yana da gwangwani uku, kowane da lambar bindigarsa a rubuce. Kafin kowane ɗuri yakan ɗauki 'yar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura cikin kwanso, ya ja ta a jikin bango daga gindi zuwa sama. Idan ya ji ta faɗa ɗan kwari, ko ya ga zobe mai haske ya kewaye kwanson daga waje, sai ya murƙushe shi ya jefar. A samfurin Lamba 4 akwai wani sauƙin: kan sakatarta yana kwancewa, kuma an yi shi tsawo huɗu, daga lamba 0 zuwa 3, yadda maƙerin bindiga zai sauya shi ya rage tazarar.

Ƙwaya da bututu

Ƙwayar .303 faɗinta inci 0.311 ne zuwa 0.312, ta ɗan ɗara ta Amurka mai 0.308, kuma wanda ya haɗa su ya rasa saiti. Bututun da aka ƙera lokacin yaƙi ba su zo daidai da juna ba, wasu sun fi faɗi, wasu ma tsagi biyu kawai aka yi musu don sauri. Ga kuma maƙogwaron da kodayit ya ƙone. Saboda haka ƙwararre yakan tura ɗan dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututu, ya auna shi, ya san ainihin faɗin nasa. An lura cewa tsohon bututu ya fi son ƙwaya mai shimfiɗaɗɗen gindi a kan mai tsukakken gindi. Wasu suka koma zuba dalma a gida daidai faɗin bututunsu, da ɗuri mai sauƙi wanda ba ya wahalar da ƙarfen da ya haura shekara ɗari.

A Ostareliya abin ya ɗauki wata hanya. Bayan yaƙi, dokar jihar New South Wales ta taƙaita mallakar bindiga mai cin harsashin soja. Sai maƙera suka riƙa sauya bututu, masu ɗuri suna tsuke wuyan kwanson .303 ya karɓi ƙaramar ƙwaya. Haka aka sami .303/25 da .303/22, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a gonaki.

Duk wannan ilimi a rubuce yake, kuma shi ne ƙashin bayan sana'ar. Kamfanonin albarushi suna gwada kowane ɗuri da na'urar auna ƙarfin tashi, su buga mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da aka yarda. Mai hankali yana farawa daga ƙasa, yana awo da sikeli, yana rubuta komai a littafi, ba ya ajiye albarushi iri biyu a kan teburi lokaci ɗaya, ba ya karɓar ma'auni daga bakin aboki. Waɗanda suka raina wannan sun biya da ido da yatsu.

Inda aka kwana

Bindigar ta daɗe a bakin aiki fiye da yadda kowa ya zata. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada, waɗanda ake kira Rangers, sun riƙe Lamba 4 daga 1947 har zuwa wajen 2018, lokacin da kayan gyaranta suka yi wuya. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh a Indiya sai a Janairun 2020 suka yi bankwana da ita. Ragowar harsashin soja kuwa ya kusa ƙarewa a kasuwa. Kamfanoni kamar Prvi Partizan na Sabiya da Sellier & Bellot na ƙasar Cek suna ƙera sabo, kuma kwansonsu ne masu ɗuri ke tarawa yanzu. A filin Bisley na Ingila, inda ake gasar harbi tun 1890, har yau ana jera tsofaffin Lee-Enfield, wasunsu da harsashin da masu su suka ɗura a gida.

Sai dai ko'ina aka yi wannan sana'a, a ƙarƙashin doka aka yi ta. A Birtaniya tun 1920 sai da takardar izinin 'yan sanda ake mallakar irin wannan bindiga, kuma dokar 2006 ta sa ko ƙyastu ba a sayar wa wanda ba shi da takarda. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigar soja mai cin .303 ƙarara cikin jerin makaman da aka haramta wa jama'a. A ƙasar da bindiga ta raba dubban mutane da gidajensu, wannan hani yana kan hanya, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe shi da muhimmanci. Abin ɗauka a tarihin nan shi ne halin mutanen da suka yi shi: sun auna kafin su zuba, sun rubuta abin da suka gani, sun jefar da abin da suke shakka a kansa. Da wannan hali ne bindigar da tushenta ya faro a 1888 take harbi lafiya har yau.